Taurari Biyar a Kan Tafkin Maga

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka bar gida, mu uku: ni, da Dada mahaifiyarmu, da Adda yayata. Garwa ba ta gama farkawa ba, masu ƙosai ne kawai suka hura wuta a bakin titi. Na san da yawanku kun ga hotunan tafkin da na saka, kuna ta tsokanata wai na je shan iska. To, iska kam na sha ta, amma ba irin wadda kuke nufi ba. Ku bari in ba ku labarin abin da na kusa jawo wa kaina.

Dalilin tafiyar shi ne Yafendo, ƙanwar Dada, wadda ita kaɗai ta rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Tana zaune a wani ƙauyen masunta can ƙetaren tafkin Maga, kuma shekara tara rabon da su sa juna a ido. Ranar Lahadi da yamma ɗanta ya hau tudun da suke samun rezo, wato sabis ɗin waya, ya kira ya ce jikin tsohuwa ya yi tsanani, ta daina cin abinci, ba ta da magana sai ta Dada. A ƙarshen damina irin wannan babu hanyar mota ko ta babur zuwa garinsu, ruwa ya shanye duka. Sai kwalekwale, tafiyar awa biyu a kan tafki.

Adda ta ce mu tashi Litinin. Ni na hana, kuma dole in faɗi dalili ko da yake ba ya yi mini daɗin faɗa.

Kun san sana'ata gyaran waya ce, kuma kun san halina, ba na son a ce akwai abin da ke cikin waya da ban sani ba. Bara na je Kiribi wajen autanmu, wanda yake aiki a wani masaukin baƙi a bakin teku. Baƙinsu yawanci Turawa ne masu wani irin wasa: mutum ya hau dogon allo ya tsaya a kai, igiyar teku ta kwaso shi ta kawo gaɓa, wasu kuma da wata ƙatuwar lema da iska ke ja. Aikin auta shi ne ba su hayar allunan. Kullum da safe sai in ga ya buɗe wata manhaja ta hasashen iska da igiyar ruwa, mai layin awoyi da lambobi da kibiyoyi, a ƙasa kuma taurari. Ranar da ya ga huɗu ko biyar sai ya washe baki ya ce, "Hamma, yau rana ta yi kyau." Ranar da babu ko ɗaya sai ya ja tsaki ya koma ya kwanta. Ban tambaye shi komai ba, don ni ne babba kuma ni ne mai gyaran waya. Na dai sauke manhajar a tawa, na riƙe a raina cewa tauraro yana nufin ranar da ruwa ke da kyau.

Saboda haka ranar Lahadin nan na taɓa tafkin Maga a taswirar manhajar. Litinin babu tauraro. Talata babu. Laraba guda ɗaya. Alhamis kuwa, daga ƙarfe ɗaya na rana, taurari biyar cif. Na ce ba zan sa uwata a kwalekwale ranar da babu tauraro ba, ranar Alhamis za mu ƙetare. Adda ta yi ta faɗa, ta ce ita da take sarin bandar kifi a Maga shekara da shekaru ba ta taɓa jin an tambayi waya kafin a shiga jirgi ba. Dada ta raba gardamar da magana ɗaya, ta ce a bi tawa, ni na san waya.

A ajans, wato tashar motocin Marwa, muka samu kujeru uku a jere. Dada ta ƙi yarda a ɗora jakarta a saman mota, saboda akwai kwalbar zuma da man shanu a ciki da ta yi wa ƙanwarta tsaraba, haka ta rungume ta har muka sauka. Hanya daga Garwa zuwa Figil ba laifi, ko'ina kore shar, auduga ta fara fashewa, kowane mayo, wato rafi, da muka haye cike yake da ruwa da mata masu wanki. Bayan Figil ne ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Direbanmu yana kauce musu kamar mai tsallake kashin shanu a kasuwar dabbobi, wanda ya kasa kaucewa kuma sai mota gaba ɗaya ta yi salati. A wani shingen jandarma aka ce kowa ya fito da katinsa. Na Dada yana ƙulle cikin ƙyalle, ƙyallen cikin leda, ledar cikin wani ƙyallen. Jandarman ya tsaya yana kallo har aka kai ƙulli na uku, sai ya yi dariya ya gaishe ta da Fulatanci, "Jam na, Dada? Bar shi, na yarda ke ce."

Da muka doshi Marwa, dutsen Mindif ya bayyana can nesa ta hannun dama, tsaye shi kaɗai kamar haƙori guda a bakin tsoho. A Marwa muka ci soya mai zafi, wato tsire, muka kora da kosam, nonon shanu ke nan, muka sake wata ƙaramar mota mai zuwa Bogo da Girbidik. Wannan motar ta mutum goma sha biyu ce, amma na ƙirga kai goma sha tara, ban da kaji. Bayan Bogo ƙasa ta baje, manoma suna ta dashen dawar masakwa a baƙar laka, ɗaya ya huda rami da sanda, na bayansa ya zuba ruwa ya sa dashe. Daga nan sai gonakin shinkafa, iya ganinka. Duk tsawon hanyar nan ina leƙa waya ina duba taurarina, suna nan biyar ba su ragu ba, ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa tun kafin a rubuta ta.

Da la'asar muka isa Maga. Wanda bai taɓa zuwa ba, tafkin nan wata doguwar ganuwar ƙasa ce ta tare shi, suna ce mata dik, gari yana ƙasa ruwa yana sama. Sai ka hau kanta sannan za ka ga ruwan, kuma idan ka gan shi sai ka yi shiru, don ba a hango ɗaya gaɓar. Ranar nan yana kwance lumui, ko motsi ba ya yi. Adda ta kai mu wajen wani dattijo mai jirgi da ta daɗe da sani, dogon Bamusgume mai farin gemu, Hausarsa rabi Fulatanci ce. Ya durƙusa ya gaida Dada, ya ji abin da ya kawo mu, ya miƙe ya dubi ruwa.

"Ruwa yana barci," in ji shi. "Ku zuba kaya mu tafi, kafin magariba mun isa."

Na ce a'a, gobe da azahar za mu tafi. Ya juya ya dubi gabas, wajen ƙasar Cadi, ya ɗan jima, sannan ya ce gobe da azahar jirginsa yana kan tudu. In dai dole sai goben, to mu fito gari na wayewa. Na leƙa waya, na ga safiyar Alhamis tauraro ɗaya ne tak, na ce ba za mu yi sammako ba. Adda ta dube ni kamar ta mare ni. Dattijon dai ya koma ga komarsa.

Mun sauka gidan wata mata da Adda ke sarin banda a wajenta. Ta gasa mana karfasa da aka kamo da rana, ta haɗa da tuwon shinkafa da yaji. Irin kifin da ake sayar mana guda ɗaya a Garwa, a nan kuɗinsa uku yake saye, har a ɗora maka gyara. Na ci har na ji kunya. Dada kuwa loma biyu ta yi ta ture kwano, ta ce in sake gwada lambar ɗan Yafendo. Na gwada sau biyar kafin isha'i, ba ta shiga ba. Tun kiran ranar Lahadi ba mu sake jin komai ba, ba mu san ko tana da rai ba.

Alhamis ta waye da wani irin zafi mai danne ƙirji. Ko ganye ba ya kaɗawa. Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin shaida, na ce wa Adda, tun ba a kai ƙarfe ɗaya ba ga shi ruwa ya yi luf, ina ga taurari biyar sun shigo? Ta ce in rabu da ita.

Da hantsi na hau dik, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Masunta suna ta dawowa tun rana ba ta yi tsaka ba. Suna jawo jiragensu can sama nesa da ruwa, wasu har suna kifewa su danne da duwatsu. Mata masu shanyar kifi suna kwashewa. Na sami dattijon a zaune a kan jirginsa, na ce Baba, ga rana ta yi kyau, me ya sa kowa yake gudu? Ya nuna mini gabas, inda wani farin gajimare ya yi tsiri, ƙasansa ya fara duhu. Ya ce tun jiya da safe dorinai suka bar tsakiyar tafki suka shige cikin ciyawa, kuma in lura, zafin nan ba na banza ba ne. Ya ce iskar da ke zuwa gaban hadari a ƙarshen damina ba ta sallama, kuma tafkin nan ba shi da zurfi sosai, shi ya sa igiyarsa gajera ce mai saurin duka, ba ta ba jirgi damar ɗagowa kafin ta biyu ta iso. Ya ce da zarar ka ga ruwa ya fara furfura, wato farar kumfa a kan igiya, to wanda ke tsakiya sai addu'a.

Na zaro waya na nuna masa. Na yi masa bayani dalla-dalla, wannan na'urori ne a sararin sama suke aunawa, ba dorina ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, ni ban iya karatu ba. Amma ba zan ɗauki tsohuwar nan yau ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ga kwana huɗu ke nan muna jiran wannan rana, ga mara lafiya can ba mu san halin da take ciki ba, ga tsoho yana mini zancen dorina. Na hau dokin zuciya na bi bakin ruwa ina tambaya, har na sami wani magidanci mai babban jirgi da sabon inji, yana lodin buhunan shinkafa zuwa ƙetare. Ya ce shi kam tafiya zai yi, injinsa ya fi ƙarfin iska, kafin hadari ya haɗu ya isa. Maganar ta yi mini daɗi, don ita nake nema. Na koma na ɗauko kaya, na riƙo hannun Dada muka gangara. Ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare bakin zaninta, ƙafarta ɗaya har ta taɓa ruwa.

Adda ta tsaya a kan dik ta ce ita ba inda za ta. Na ce to ta zauna, mu ma ba ma neman mai tsoro. Sai ta zaro wayarta ta kira auta a Kiribi, ta gangaro ta miƙo mini. Ta ce, "Tunda wajensa ka koyo, gaya masa abin da kake gaya mana."

Na karɓa da fara'ata. Na ce masa manhajarsa ta yi mana rana, ga mu a Maga, taurari biyar daga ƙarfe ɗaya, yanzu za mu shiga jirgi. Sai ya katse ni.

"Hamma, taurari nawa ka ce?"

"Biyar."

"Ina Dada?"

"Ga ta nan a bakin jirgi."

Sai ya juya harshe zuwa Faransanci, yana magana a hankali, na gane ba ya son ta ji. Ya ce don girman Allah in janye ta daga ruwan. Ya ce taurarin nan na masu wasa ne, su iska suke nema, su igiya suke nema. Yawan tauraro yawan iska. Biyar kuwa ranar da su kansu masu allon sai gwanaye ke shiga. Rana mai kyau da yake faɗi, rana ce mai kyau ga hayar alluna, ba ga mai kwalekwale ba. Ranar da babu tauraro ita ce ranar da ruwa ke kwance.

Ban san lokacin da na zauna a kan laka ba. Litinin, Talata, Laraba, kwana uku ruwa yana kwance ina hana mu tafiya, na zaɓo mana rana mafi muni a sati, na riƙo hannun uwata na kawo ta. Na miƙe na ce wa Dada an sami canji, sai gobe. Ta dube ni, ta mayar da takalmanta, ba ta tambayi dalili ba. Na sauke kayanmu daga jirgin, na roƙi mutumin shi ma ya haƙura, na nuna masa wayar, wannan karon da fassarar gaskiya. Ya yi dariya ya ce ɗazu waya ta ce a tafi, yanzu ta ce a zauna, ya tayar da injinsa ya tafi.

Ba a yi awa ɗaya ba iskar ta iso. Da farko wani sanyi ne ya bugo fuska, sai ruwan ya sake launi ya yi toka-toka, sai ga furfurar da dattijon ya faɗa, fari fat tun daga gabas tana tahowa. Igiya ta dinga dukan dik tana watso mana ruwa har inda muke tsaye. Kwanon rufin wata rumfar mai shayi ya tashi ya faɗa gonar shinkafa. Mata suka ja Dada zuwa gida, ni na kasa tafiya, na tsaya cikin masunta muna kallon inda jirgin nan ya ɓace. Can wajen la'asar, ruwan sama yana zuba, sai ga mai jirgin ya ɓullo ta gefen ciyawa yana tuƙi da gora, injin ya mutu, rabin buhunansa ya zubar a tafki don jirgi ya yi sauƙi. Mutane suka shiga ruwa suka jawo shi. Da ya taka ƙasa sai ya zauna a kan laka. Na dubi wurin da ya ce Dada za ta zauna, a kan buhunan gaba, babu buhu ko ɗaya a wurin.

Da yamma na je na sami dattijon a gida na ba shi haƙuri. Na zaci zai rama, ni da na ce masa na'ura ta fi dorina. Ya ce in bar wannan, mu shirya, gari na wayewa zai zo. Adda ma, abin mamaki, ba ta tona ni ba. Abin da kawai ta ce shi ne daga yau in ta ga na ɗaga waya a bakin ruwa za ta jefa ta ciki. Amma ni raina bai kwanta ba. Mun tsira da Dada, saura tambaya ɗaya: kwanakin da na ɓata, ko Yafendo ta jira mu?

Juma'a da sassafe muka shiga jirgi. Kafin mu tashi na leƙa manhajar a ɓoye, babu tauraro ko ɗaya har yamma. Dattijon ya gan ni, ya ce me ta ce? Na ce ta ce ruwa yana barci. Ya ce to madalla, yau ita da shi sun shirya. Tafkin kuwa kamar ba shi ya yi haukan jiya ba. Muka ratsa ta cikin bado da furanninsa a buɗe, fararen tsuntsaye suna tashi a gabanmu, masunta suna ɗaga koma suna gaishe da dattijon da yarensu. A wani wuri ya rage inji ya yi kwana mai faɗi, ya nuna mana kunnuwa da hantuna a saman ruwa, dorinai shida sun dawo tsakiya. Wannan ne hoton da kuka fi so. Ku sani lokacin da na ɗauke shi bakina ɗaci yake yi. Dada ba ta kalli dorina ba, ba ta kalli tsuntsu ba, carbinta kawai take ja, idonta yana gaba.

Da ƙauyen ya fara bayyana, na ƙura ido ina neman abu ɗaya, ko akwai tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Sai ga maza kusan goma zaune a gindin wata bishiya, kawunansu a sunkuye. Na dubi Adda, ita ma ta gani, ta kama hannun Dada ta riƙe. Na fara shirya yadda zan rayu da wannan abu har ƙarshen kwanana. Jirgi ya ƙara matsawa, sai na ga hannayensu suna motsi. Koma ce a shimfiɗe a gabansu, iskar jiya ta yayyaga ta, suna ɗinki. Ɗan Yafendo ya taso daga cikinsu ya shigo ruwa har gwiwa ya kama bakin jirgi.

"Tana nan," ya ce. "Tun asuba take tambaya ko an ji ƙarar inji."

Wallahi ban taɓa jin kalma biyu masu daɗin waɗannan ba. Na sa hannu a ruwa na wanke fuskata don kada a gane abin da ke zuba.

Mun same ta kwance a kan tabarma, ta rame ta zama kamar yarinya. Dada ta zauna a gefenta, suka riƙe hannu. Can Yafendo ta ce wa Dada, da wata siririyar murya, "Yaya, kin tsufa." Dada ta ce, "Ke kuma da kika ƙi cin abinci, budurwa kike son komawa?" Ɗaki ya ɗauki dariya, har da masu kuka. Aka dama kunu aka zuba zumar nan, Dada ta ba ta da hannunta, ta sha ludayi huɗu, abin da ɗanta ya ce ba ta yi ba cikin sati. Da na matso na gaishe ta, ta ce jiya da ta ji iska tana girgiza rufi, addu'a ɗaya ta yi ta yi, Allah ya hana mu jirgi. Na ce amin, na sunkuyar da kai.

Kwana biyu muka yi. Dada ta yi ta lallashi har Yafendo ta yarda a kai ta asibiti. Ranar Lahadi da sassafe dattijon ya dawo ya kwashe mu, mun shimfiɗa mata katifa a tsakiyar jirgi, kuma wannan karon shi na tambaya tun kafin in taɓa aljihu. A Marwa likita ya ce zazzaɓi ne ya daɗe a jikinta har jini ya yi ƙasa. Aka yi mata ƙarin ruwa da na jini, muka kwana huɗu, sannan muka kamo hanyar Garwa mu huɗu. Ramukan Figil suna nan inda muka bar su. Yanzu haka tana ɗakin Dada, tana cin tuwo, kuma tun jiya suke gardama a kan wace ce ta fasa tulun kakarsu suna yara.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba wai waya ƙarya take yi ba. Manhajar nan gaskiya ta faɗa, har awar da iska za ta zo ba ta kuskure ba, ita da dattijon magana ɗaya suke yi tun ranar Laraba. Ni ne na ɗauki abin da aka yi don masu neman igiya na karanta shi da idon mai gudun igiya, kuma tambaya ɗaya da zan yi wa ƙanena bara, girman kai ya hana ni. Ban goge ta ba. Auta ya zauna a waya ya koya mini lambobin ɗaya bayan ɗaya, wanne ne ƙarfin iska, wanne ne bugunta na farat ɗaya, kuma na saurara kamar ɗan aji ɗaya.

Abu ɗaya ya rage yana cina, Dada ba ta san abin da ya faru ba. Shekaranjiya bayan la'asar na same ta ita kaɗai tana tsince shinkafa, na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga Kiribi har bakin jirgi. Na ce ta yafe mini. Ba ta ɗago kai daga faifan ba.

"Ai na ga hadarin," ta ce. "A bakin ruwa aka haife ni, tun kafin ka hau dik na san iska na zuwa."

Na ce to Dada, me ya sa kika tuɓe takalmi?

"Kai ka ce mu shiga. Da ba ka fasa ba, da na shiga."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na tashi na fita tsakar gida, na daɗe a tsaye a bakin randa ban ɗebi ruwan ba.